Rayuwa Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Tambayoyi da Amsoshi

Kafin tiyata, hankalin kowa yana kan ranar da za a shiga ɗakin aiki. Sai an koma gida tambayoyin gaske ke tasowa, wasu a makon farko, wasu sai bayan shekara uku. Waɗannan su ne waɗanda aka fi yi. Amsoshin na kowa da kowa ne, don haka duk inda likitanka ya ce wani abu daban, nasa za ka bi, domin shi ya san aikin da ya yi maka.

Mene ne ainihin abin da tiyatar ta canza a jikina?

Ya danganta da irin wadda aka yi maka. Iri biyu ne suka fi yawa a duniya yau. A ta farko, wadda likitoci ke kira silif, ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi gaba ɗaya, abin da ya saura ya zama dogo siriri kamar ayaba. A ta biyu, wato baifas, ba a fitar da komai. Ana ware 'yar jaka a saman tumbi wadda ba ta ɗaukar fiye da mililita 30 ko makamancin haka, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ne ya fara irin wannan aiki a 1966, kuma an yi ta gyara shi tun daga lokacin. Akwai kuma zoben da ake ɗaure saman tumbi da shi, amma yanzu an rage sa shi sosai.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙanƙancewar ciki ce kaɗai ke rage ƙiba. Ba ita kaɗai ba ce. Yawancin sinadarin girelin, mai tayar da yunwa, a ɓangaren tumbin da ake cirewa a silif ake yin sa. Sannan idan abinci ya isa hanji da wuri, hanji kan ƙara fitar da sinadarai irin su GLP-1, masu sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Shi ya sa wani zai wuni bai tuna da abinci ba a watannin farko, kuma shi ya sa sugan wasu ke sauka kwanaki kaɗan bayan aiki, tun kafin su rage wani nauyin kirki.

Kilo nawa zan rage, kuma yaushe zai tsaya?

Galibi ana rage kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin jiki, baifas kan ɗan fi silif. Mai kilo 120 zai iya sauka zuwa tsakanin 84 da 90. Raguwar ta fi gudu a wata shida na farko, sai ta yi sanyi, ta tsaya cik tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, wasu har shekara biyu.

A tsakiyar hanya sikeli kan ƙi motsi na mako biyu ko uku. Kusan kowa yakan gamu da wannan, kuma ba alamar aiki ya lalace ba ce. Kada ka rage abincin da dama bai taka kara ya karya ba.

Yaushe zan koma cin abinci kamar kowa?

Mataki-mataki ake bi: abin sha zalla na mako ɗaya zuwa biyu, sai abincin da aka markaɗa, sai mai laushi, sannan mai tauri wajen mako na shida zuwa na takwas. Kowane asibiti da nasa jadawalin. Dalilin bin sa shi ne ɗinkin da ke ciki bai gama kamawa ba, kuma tsallake mataki na iya jawo amai ko ma ya taɓa ɗinkin.

To bayan na warke, yaya cin abincin zai kasance?

Abu uku ne za su bi ka har ƙarshen rayuwa: abin da ka fara sa wa a baki, saurin cinka, da lokacin shan ruwa.

Furotin ake fara ci. Ana so ka samu aƙalla giram 60 a rana, da yawa ana ba su 60 zuwa 80. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, ka ga kenan sai an yi da gaske. Kifi, kaza, nama, ƙwai, madara da wake su ne kan gaba, sai kayan lambu, sannan abinci mai sitaci in wuri ya rage. Idan ka fara da shinkafa ko burodi, cikin ya cika kafin ka kai ga abin da jiki ya fi bukata. Jikin da bai samu furotin ba kuwa tsokarsa yake ci, kuma tsokar nan ita ce ke ƙona abinci ko kana zaune.

Loma ƙarama, tauna sosai, cin abinci ya ɗauki minti 20 zuwa 30. Ƙoshi ma ya canza kama: wani nauyi zai ji a ƙirji, wani shaƙuwa, wani hancinsa ya fara zuba. Da ka ji naka, ka ajiye cokali. Loma ɗaya da ta wuce ƙa'ida ta isa ta sa ka amai.

Ruwa kuma lita 1.5 zuwa 2 a rana, kurɓi-kurɓi, ba a haɗa shi da abinci. A jira kamar minti 30 bayan an ci. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi ba mutane wuya, kuma ita suka fi saurin yarwa. Ruwa a kan abinci ko dai ya cika ɗan wurin da ake da shi, ko ya tura abincin gaba yunwa ta dawo da wuri. Rashin isasshen ruwa yana cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane asibiti a makonnin farko, kuma shi ne yawanci ke jawo taurin bayan gida.

Na sha abu mai zaƙi sai zuciyata ta fara bugawa, gumi ya karyo mini. Lafiya?

Abin da likitoci ke kira damfin ne, kuma ya fi samun masu baifas. Iri biyu ne. Na farko yana zuwa minti 10 zuwa 30 bayan cin abinci, lokacin da suga ko maiƙo ya faɗa hanji gaba ɗaya ya janyo ruwa daga jini: murɗar ciki, tashin zuciya, gudawa, jiri. Na biyu yana zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku. A nan jiki ne ya zuba insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, fiye da kima saboda sugan da ya shigo a guje, sai sugan jini ya faɗi, mutum ya kama rawar jiki da rashin ƙarfi, wani har ya suma.

Maganinsa yawanci a faranti yake: rage zaƙi, a ci kaɗan-kaɗan, a haɗa sitaci da furotin. Idan iri na biyu yana maimaituwa, musamman ga mai tuƙi, a gaya wa likita. Kuma kada kowa ya dogara da damfin a matsayin mai gadinsa. Ba kowa yake samu ba, kuma ga wasu yakan ragu da shekaru.

Da gaske ne sai na sha bitamin har abada?

Da gaske ne, kuma a nan gizo ke saƙa. Mutum ya rage kilo 35, yana jin ƙarfi, sai ya ga ba shi da bukatar ƙwaya. Ƙarancin waɗannan sinadarai ba ya ihu. Hanta tana iya riƙe bitamin B12 na shekaru, don haka wanda ya daina sha yau ba zai ga komai ba sai can gaba, lokacin da ƙafafu suka fara mutuwa ko mantuwa ta yi yawa. Wata ɓarnar da ta taɓa jijiya ba ta gyaruwa gaba ɗaya.

Dalilin a bayyane yake. B12 yana bukatar ruwan tsamin tumbi da wani sinadari da tumbin ke yi kafin jiki ya tsotse shi, ga shi an rage tumbin. Sinadarin ƙarfe da kalsiyam kuma a farkon ƙaramin hanji aka fi tsotse su, wurin da baifas ya tsallake. Saboda haka ake ba da ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe kullum, da B12 ta baki ko ta allura duk wata uku, da sinadarin ƙarfe, da kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana, da bitamin D. Ba a shan kalsiyam da sinadarin ƙarfe tare, a raba su da awa biyu domin suna tare wa juna hanya. Matan da ke al'ada sun fi kowa faɗawa ƙarancin jini.

Akwai guda ɗaya da ba ya jiran shekaru, wato bitamin B1. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce 'yan makonni. Wanda ya yi ta amai kwana da kwanaki, sannan ya fara ruɗewa, ko ganin abu biyu-biyu, ko tangaɗi, asibiti za a kai shi a ranar.

Gwajin jini ana yin sa a wata na 3, na 6, na 12, daga nan duk shekara. A ganina wannan ziyara ta shekara-shekara ta fi duk wata dabarar cin abinci muhimmanci, kuma ita ce mutane suka fi watsarwa da zarar kaya sun fara yi musu daidai.

Gashina yana zuba.

Yakan fara tsakanin wata na uku da na shida. Girgizar tiyata da saurin ramewa ne ke sa gashi da yawa ya huta lokaci guda. Yana dawowa. Idan zubar ta wuce shekara, a duba sinadarin ƙarfe, zinki da furotin.

Ƙibar tana dawowa?

Wani ɓangare nata yakan dawo ga mafi yawan mutane, kuma gara a san haka tun farko. Babban binciken da aka fara a Suwidin a 1987, wanda ya bi mutum kusan 4,000 masu ƙiba, rabinsu an yi musu tiyata, ya nuna masu baifas sun rage kusan kashi 32 cikin ɗari a shekara ɗaya zuwa biyu, amma a shekara ta goma suna kan kashi 25. Waɗanda ba a yi wa tiyata ba kuwa nauyinsu bai motsa da fiye da kashi 2 ba. Wato an ɗan koma sama, amma ba a koma gidan jiya ba. Binciken ya kuma ba da rahoto a 2007 cewa mace-mace sun ragu da kashi 29 cikin ɗari a ɓangaren masu tiyata.

Me ke dawo da ita? Wani dalilin daga jiki ne. Ƙaramin jiki ba ya ƙona abinci kamar babba, kuma jikin da ya rame yakan ƙara tsuke hannu fiye da yadda lissafi ya nuna. Yunwar da ta ɓace takan fara leƙowa bayan shekara ɗaya ko biyu. Ciki ma yakan ɗan saki, abin da ake ci ya ƙaru, wannan kuwa ba laifi ba ne.

Wani dalilin kuma daga hannu ne, kuma ba cika faranti ba ne ya fi ɓarna. Ciye-ciyen tsakanin abinci ne. Tiyata tana hana ka cin abu mai yawa a zama ɗaya, amma ba ta hana ka ɗan tsakura sau goma sha biyar a wuni. Biskit, cakulan, askirim, soyayyen dankali, lemon kwalba, shayi mai suga, duk suna narkewa su wuce ba tare da sun tsaya sun ƙosar ba. Guntun nama zai tsaya maka a ƙirji, amma kofin abin sha mai zaƙi ko gezau. Da yawa ma saboda abinci mai tauri yana ba su wahala ne suke karkata zuwa mai laushi, ba su ankara ba. Sai a ƙara da rashin barci, da damuwa, da wasu magunguna masu sa ƙiba kamar sitirod da wasu na taɓin hankali.

Na ga na fara ƙaruwa. Me zan yi?

Ka koma asibiti da wuri. Kunya ce ke hana mutane, su ce sai sun rage tukuna sannan su je, kilo biyar ya zama ashirin. Likitocin nan sun ga irinka ba adadi, kuma ƙiba cuta ce mai komowa kamar hawan jini.

Kafin ka je, ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na mako guda, har abin sha, da lokacinsa. Yawanci takardar kaɗai takan tona asirin. Ka koma abinci uku a zaune, furotin a gaba, ka raba ruwa da abinci. Komawa abin sha zalla na 'yan kwanaki da sunan za a mayar da ciki ƙarami ba ya tsuke komai.

Idan wannan bai isa ba, akwai magani. Allurai irin su semagulutayid, da ake sayarwa da sunan Wegovy, da tirzefatayid, wato Mounjaro, ana ba wa waɗanda suka ƙaru bayan tiyata, a ƙarƙashin kulawar likita. Ana iya leƙa cikin da na'ura a ga ko jakar ko mahaɗar ta buɗe. Akwai kuma tiyata ta biyu, misali a mayar da silif baifas, sai dai haɗarinta ya fi na farko, kuma ba ta gyara ciye-ciye.

Hawa sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe, ya wadatar. Ka sa wa kanka iyaka, ka ce in na haura kilo kaza zan nemi taimako.

Dole ne motsa jiki, tunda ga shi ina ramewa?

A shekarar farko za ka rame ko ba ka motsa ba. Amfaninsa a riƙe nauyin yake, da kare tsoka da ƙashi. Tafiya ana fara ta tun a asibiti don kada jini ya daskare a ƙafa. Ɗaga abu mai nauyi sai bayan mako huɗu zuwa shida, in likita ya yarda. Daga nan a nufi minti 150 a mako, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Mai son riƙe nauyi yakan bukaci fiye da haka.

Magungunan da nake sha fa?

Na suga da na hawan jini za a sake duba su tun kafin a sallame ka, domin adadin da ya dace da kai jiya zai iya kayar da kai yau. Kada ka daina da kanka, kada kuma ka ci gaba ba tare da awo ba. Suga yakan lafa ga mutane da yawa, musamman waɗanda bai daɗe a jikinsu ba, amma yana iya dawowa bayan shekaru, don haka ba a daina gwaji. Mai amfani da na'urar numfashi da dare saboda ɗaukewar numfashi cikin barci shi ma sai an sake gwada barcinsa kafin ya ajiye ta.

Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen, dikulofenak da asfirin suna jawo gyambo a mahaɗar jaka da hanji, don haka mai baifas ya nisance su sai da izinin likita. Farasitamol ba shi da wannan matsala. Ƙwayoyin da aka yi su don su narke a hankali ba lallai su yi aiki daidai ba bayan baifas. Duk likitan da zai rubuta maka magani, ka gaya masa an yi maka wannan aiki.

Saurin ramewa kuma yana sa tsakuwa a maɗaciya, shi ya sa wasu asibitoci ke ba da maganin kariya na wata shida. Masu silif kuwa ƙwannafi ne ya fi damun su. In ya ƙi jin magani, kada a zauna da shi.

Yaushe zan iya ɗaukar ciki?

Ki jira wata 12 zuwa 18, har nauyinki ya tsaya, wasu likitocin ma shekara biyu suke cewa. Ki sani haihuwa takan buɗe da sauri bayan ramewa, har ga wadda ta yi shekaru tana nema, saboda al'ada ta daidaita. Ƙwayar tazarar haihuwa ta baki ba abar dogaro ba ce bayan baifas, a tattauna wata hanyar. In ciki ya shiga, ki sanar da masu awo tun ranar farko: za a riƙa duba bitamin ɗinki akai-akai, kuma ruwan sugan da ake ba masu ciki don gwaji yana iya tayar miki da damfin, akwai wata hanyar gwajin.

Fatar da ta saki za ta koma?

Kaɗan. Shekaru, gado, da yawan nauyin da aka rage su ke yanke hukunci, man shafawa ba ya yin komai. Tiyata ce ke cire ta, kuma ana jira sai nauyi ya tsaya na aƙalla wata shida. Kafin nan a kula da tsabta da bushewar lungunan fata don gudun ƙuraje.

Giya da taba fa?

Bayan tiyata, musamman baifas, giya tana shiga jini da sauri kuma tana hawa fiye da da, kuma an tabbatar haɗarin kamuwa da jarabarta yana ƙaruwa a shekarun da ke biyo baya. Taba kuwa tana hana rauni warkewa kuma tana jawo gyambo.

Na rame, amma raina ba ya min daɗi. Ni kaɗai ne?

Ba kai kaɗai ba ne. Wanda abinci ne abokin hirarsa in ransa ya ɓaci, an raba shi da abokin ba a ba shi wani ba. Wani ya dubi madubi bai gane kansa ba, wani har yanzu tsohon jikinsa yake gani. Zaman aure da abota ma sukan girgiza, saboda mutum ya canza kuma na kusa da shi ba su shirya ba. Akwai kuma masu cewa ka bi hanya mai sauƙi, alhali ba su ga daren da ka kwana kana amai ba. Ba dole ba ne ka yi wa kowa bayani.

Da yawa damuwarsu takan yi sauƙi a shekarun farko, amma ga wasu takan dawo, kuma maganin damuwa ma yana iya canza yadda yake shiga jiki. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu, ko ka fara sa kanka amai da gangan, ko wata sabuwar jaraba ta maye gurbin abinci, ka nemi likita. In tunanin cutar da kanka ya zo, a ranar za ka faɗa wa wani.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su?

A makonnin farko: zazzaɓi, bugun zuciya da ya haura 120 a minti kana zaune, ciwon ciki mai tsanani ko ciwon kafaɗar hagu, sarƙewar numfashi, kumburin ƙafa ɗaya. Waɗannan na iya nufin ɗinki yana yoyo ko jini ya daskare. Haka nan aman da ya hana ko ruwa zama, aman jini, ko baƙin bayan gida.

Mai baifas kuma ya riƙe wannan ko bayan shekara goma: ciwon ciki mai tsanani da ke zuwa yana tafiya, musamman bayan cin abinci, yana iya zama hanji ne ya shige wani gurbi ya murɗe. Ba a shan magani a kwanta. A tafi asibiti, kuma abu na farko da za a faɗa wa likitan da ke bakin aiki shi ne irin tiyatar da aka yi da shekarar da aka yi ta.